Yadda Ake Miƙar da Shafin PowerPoint Tsaye Ba Tare da Aikin Ya Lalace Ba

Wata ranar Alhamis, ana saura kwana biyu a yi walimar saukar Alƙur'ani a wata Islamiyya da ke nan Agege, wani malami ya shigo shagonmu na buga takardu riƙe da filash. Ya kwana yana haɗa sanarwar walimar a PowerPoint: sunan makaranta a sama, tambarinta mai zagaye a gefe, sai sunayen ɗalibai goma sha bakwai da suka sauke. Aikin ya yi kyau, sai dai shafin a kwance yake, shi kuma takardar da za a manna a ƙofar masallaci yake so, wadda kuma iyayen yara za su ɗora a sitatus ɗin WhatsApp. Ya ce da ni, "Ɗan'uwa, so nake ta miƙe tsaye kamar takardar wasiƙa." Na ce, "To Malam, yanzun nan." Yaron shago ya danna abin da ake dannawa, ya tura firinta. Da takardar ta fito, sai ga rubutun ya ƙanƙance ya taru a tsakiya, sama da ƙasa fili fetal, hoton da ke bayan rubutun kuma ya miƙe kamar an ja roba. Malam ya riƙe takardar ya yi shiru yana kallon sunayen yaransa da ba sa karantuwa sai an matso. Raina bai yi daɗi ba ko kaɗan, domin mutumin ya ba abin nan darensa.

Juya shafin kansa ba ya cin daƙiƙa goma. Abin da ke gabansa da abin da ke bayansa su ne aikin, kuma su ne yawancin masu koya wa mutane suke tsallakewa.

Ina aikin zai je?

Kafin ka taɓa komai, ka san inda abin zai ƙare, domin tsaye ba iri ɗaya ba ce. Tsayuwar takardar A4 daban, tsayuwar fuskar waya daban. A4 faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29.7. Fuskar sitatus kuwa ta fi ta siranta da tsawo, ma'auninta 9 da 16, wato fiksel 1080 a faɗi, 1920 a tsawo. Abin da aka yi domin ɗaya ba ya zama daidai a ɗayan. Malaminmu abu biyu yake so, don haka fayil biyu muka yi masa.

Idan kuwa da na'urar majigi za ka haska aikin, a ɗakin taro ko a aji, shawarata ka bar shi a kwance. Allon majigi da talabijin a kwance suke. Shafi mai 9 da 16 idan aka haska shi a allo mai 16 da 9, ko kashi ɗaya cikin uku na faɗin allon ba ya cikawa, sauran duk baƙi ne hagu da dama, na sahun baya kuma ba zai ga komai ba. Ana juya shafi tsaye ne domin fosta, katin gayyata, jadawalin karatu, jerin farashin kaya, ɗan littafin da za a raba a taro, ko abin da za a karanta a waya.

Sannan ka yi kwafi. Buɗe fayil ɗin, danna F12, ka ba shi sabon suna, misali ka ƙara kalmar "tsaye" a ƙarshe, ka yi aikinka a kan sabon. Kada ka ce ai in bai yi ba zan mayar da shi kwance. Duk juyin da ka yi sai PowerPoint ya sake auna girman komai, don haka idan ka je ka dawo, ba a yadda ka bar kayanka za ka same su ba, sun ƙara ƙanƙancewa. Ctrl da Z suna iya ceton ka muddin fayil ɗin na buɗe, amma a garin nan da ake ɗauke wuta ba sallama, kwamfutar tebur ta mutu kafin a tayar da janareta, kwafin nan shi ne madogararka.

Juyin kansa

Wannan hanyar ta PowerPoint 2013 ce zuwa sama, har da 2016, 2019, 2021 da Microsoft 365. Na bar sunayen maɓallan yadda suke a fuskar kwamfuta don ka gane su da ido.

1. A jerin sunayen da ke can sama, danna Design.
2. Duba ƙarshen hannun dama, za ka ga Slide Size. Danna shi.
3. Zaɓi uku za su sauko: Standard, Widescreen, da Custom Slide Size. Na ukun za ka danna.
4. Ƙaramin akwati zai buɗe. A ɓangarensa na dama akwai Orientation, ƙarƙashinsa kashi biyu. A kashin sama mai suna Slides, zaɓi Portrait, shi ne tsaye. Landscape shi ne kwance.
5. Kada ka yi saurin danna OK. Dubi Width da Height da ke hagu tukuna, yanzu zan yi bayaninsu.
6. Bayan OK, zai tambaye ka Maximize ko Ensure Fit.

Kashi na biyu da ke ƙasa, mai suna Notes, Handouts & Outline, yana ruɗar mutane sosai. Dama can a Portrait yake, sai mutum ya hango shi ya ɗauka an riga an juya. Wannan na takardun bayani ne da ake bugawa a raba wa mahalarta, bai shafi shafinka ba.

Har yanzu akwai tsofaffin kwamfutoci a shagunanmu, irin waɗanda ake sayowa na hannu a Computer Village ta Ikeja, masu ɗauke da PowerPoint 2007 ko 2010. A nan hanyar ta fi gajarta: Design, sai Slide Orientation, sai Portrait. Amma waɗannan ba sa tambayar ka komai, matse kayan kawai suke yi, shi ya sa za ka ga fuskar mutum ta zama doguwa, tambari mai zagaye ya koma kamar ƙwai. Idan kana son sa ma'auni da hannunka a cikinsu, Page Setup za ka danna, yana nan a Design ɗin.

Lambobin da za ka rubuta da hannunka

A nan nake so ka tsaya ka natsu. Tun daga 2013, sabon fayil na PowerPoint yana buɗewa ne da faɗin inci 13.333 da tsawon inci 7.5, wato santimita 33.867 da 19.05. Idan ka danna Portrait kawai, musanya lambobin yake yi: faɗi 19.05, tsawo 33.867. Wannan siffar waya ce, ba siffar A4 ba. Ka buga ta a takarda, za ka ga farin fili ya rage a gefe biyu, ko kuma firinta ta datse ƙasan.

Sai mutum ya ce to bari in zaɓi A4 Paper daga jerin Slides sized for. Nan ma akwai tarko. A4 ɗin PowerPoint ba cikakkiyar A4 ba ce: santimita 19.05 da 27.517 yake ba ka, ya rage gefe don firinta. Idan ɗan abin da za ka buga a ofis ne, babu laifi. Amma idan wurin masu buga fosta za ka kai, ko kana son PDF ɗinka ya fito daidai da takarda, goge abin da ke Width ka rubuta 21 cm, a Height ka rubuta 29.7 cm. Ko da kwamfutarka da inci take aunawa, ka rubuta lambar ka bar tazara ka sa cm, shi zai yi lissafin da kansa.

Na A3, wadda aka fi yin fostar bango da ita, 29.7 da 42 ne. A5, girman ƙaramin katin gayyata ko takardar da ake rabawa bayan sallar Juma'a, 14.8 da 21. Na sitatus, rubuta 1080 px a faɗi da 1920 px a tsawo (px na nufin fiksel), za ka ga ya mayar da su inci 11.25 da 20. Amfanin wannan shi ne lokacin da ka fitar da shafin a matsayin hoto zai fito da kaifinsa, maimakon 720 da 1280 da juyi kawai yake bayarwa.

PowerPoint ba ya karɓar abin da ya wuce inci 56, wato santimita 142.24. Wani mai sayar da shadda da atamfa ya taɓa zuwa yana son irin allon tallar nan da ake jan sa daga ƙasa a tsayar a bakin shago, mai faɗin santimita 85 da tsawon santimita 200. Tsawon ya wuce iyaka, sai muka yi shi a rabi, 42.5 da 100, muka gaya wa masu bugawa a Shomolu su ninka. Tunda ma'aunin ɗaya ne, babu abin da ya karkace. Sharaɗin kawai hotunan da ka sa su kasance manya masu kaifi, ba waɗanda aka yi ta turawa a WhatsApp har suka dushe ba.

Maximize ko Ensure Fit

Maximize yana ƙara girman kayanka don su cika tsawon sabon shafin, sai gefunansu su fita waje hagu da dama. Ba su ɓace ba, suna nan a wajen farin shafin, amma ba za su fito a bugu ba sai ka jawo su ciki ɗaya bayan ɗaya. Ensure Fit kuwa yana rage komai har ya shiga cikin sabon faɗin. Abin da ke zaune a inci 13.333 ya koma 7.5, wato ya ragu zuwa kusan kashi 56 cikin 100. Rubutu mai girman 24 sai ya dawo wajen 13 ko 14. Abin da ya sami takardar Malam ke nan.

Ni Ensure Fit nake zaɓa kusan kullum. Gara in ga kayana duka a gabana ƙanana, in bi su in ƙara musu girma, da in riƙa laluben abin da ya faɗa waje. Na taɓa ganin sanarwar ɗaurin aure da aka buga aka raba, ashe lambar wayar da za a kira tana can wajen shafi, babu wanda ya lura. Maximize yana da amfani ne kawai idan shafin hoto ɗaya ne babba da ba ka damu a yanke gefunansa ba.

Gyaran da ke biyo baya

Fara da uwar shafuka. Danna View, sai Slide Master. Shafin da ke can sama a jerin hagu shi ke mulkin sauran: tambari, layin ado, launin baya da wurin zaman take duk daga nan suke gangarowa. Idan ka gyara nan sau ɗaya, ka huta da gyara shafi talatin ɗaya-ɗaya. Mayar da tambari kusurwar da ta dace, ja akwatin take ya cika sabon faɗin, ja akwatin rubutu ya sauko har kusa da ƙasa. Duba ƙananan shafukan da ke ƙarƙashinsa ma, musamman wanda aikinka ke amfani da shi. In ka gama, danna Close Master View. Daga nan ka bi kowane shafi ka danna Home, sai Reset, akwatunan za su koma inda uwar ta ajiye su. Ka sani dai Reset yana goge wasu gyare-gyaren da ka yi wa rubutun akwatin da hannu, kamar launi da girma, don haka ka gwada a shafi ɗaya ka gani tukuna.

Sai hotuna. Duk hoton da ya karkace, danna shi, shiga Picture Format (a wasu PowerPoint ɗin Format kawai aka rubuta), nemi 'yar kibiyar da ke gefen Reset Picture, zaɓi Reset Picture & Size. Zai koma siffarsa ta asali, ko da ya yi girma fiye da kima. Rage shi ta hanyar jan ɗigon kusurwa. Ɗigon tsakiyar gefe shi ke lalata fuska, kada ka taɓa shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Hoton dattijo, ko na mamaci a takardar addu'a, a fito da shi fuska a matse, cin fuska ne ga iyalansa ko da ba da gangan aka yi ba. Idan hoton kwance ne kuma wurin tsaye ne, yi amfani da Crop ka yanke gefen da babu komai, kada ka matse shi.

Hoton baya, wanda aka sa ta Format Background, shi ya fi saurin miƙewa, kuma ba ya dannuwa kamar sauran. Mafi sauƙi ka cire shi ka sa wani da aka ɗauka a tsaye, ko ka yanke shi daidai da ma'aunin shafin kafin ka mayar.

Yanzu tsarin rubutu. Shafin kwance gefe da gefe yake son abubuwa: hoto a dama, bayani a hagu. Shafin tsaye kuwa jerawa yake so daga sama zuwa ƙasa. Kada ka nace sai tsohon tsarin ya zauna. A takardar Malam, sunan makaranta da tambari muka sa a sama, ranar walima da wuri da lokaci a tsakiya da manyan baƙaƙe, sannan sunayen ɗalibai a ƙasa layi biyu, maza a ɗaya, mata a ɗaya. Sunayen da a da sai an matso, yanzu ana karanta su daga bakin titi. Danna Alt da F9 zai fito maka da layukan da ke nuna tsakiyar shafi, su taimake ka daidaitawa. Ka bar aƙalla santimita ɗaya ko ɗaya da rabi a kowane gefe, domin yawancin firintocin shago ba sa buga rubutu har bakin takarda. Idan na sitatus ne, ka ƙara barin fili sama da ƙasa, saboda sunan mai sitatus yana rufe saman, wurin amsawa kuma yana rufe ƙasan.

Tebur mai ginshiƙai da yawa shi ne mai taurin kai. Wani ɗan kasuwa a Mile 12 ya kawo jerin kayansa, tumatir, tattasai, attaruhu da albasa, da farashin kowace rana ta mako a jere daga hagu zuwa dama. Ginshiƙi takwas ba za su shiga faɗin santimita 21 su karantu ba. Sai muka kifa teburin: kwanakin mako suka gangaro ƙasa, kayan huɗu suka hau sama. Sake bugawa ne da hannu, ya ci minti goma, amma babu wata gajeriyar hanya da ta fi shi.

Ga wani abu da ya shafe mu mu kaɗai. Idan a wajen gyara ka canza salon rubutu zuwa irin masu adon nan, duba haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Da yawa cikin salon ado ba su da su, sai ka ga akwati a wurinsu, ko harafin ya fito da wata siffa dabam a tsakiyar kalma. Arial, Calibri da Times New Roman suna ɗauke da su. Rubutun Larabci ma ka sake karanta shi da kyau, kada ƙunci ya sa layin aya ya karye a inda bai dace ba.

In kana son wasu a tsaye wasu a kwance

Wannan tambayar ɗalibai masu kare aikin bincike sun fi yin ta. PowerPoint ba ya yarda a haɗa tsaye da kwance a fayil ɗaya. Abin da ka zaɓa, duk shafukan yake hawa. Dabarar ita ce fayil biyu. A na kwancen, danna wani rubutu ko hoto a shafin da kake son tsallakawa daga gare shi, shiga Insert, sai Action, zaɓi Hyperlink to, ka gangara zuwa Other PowerPoint Presentation, ka nuna masa fayil ɗin tsaye da shafin da zai buɗe. A na tsayen ma ka yi irin haka don komawa. Ka ajiye su biyun a folda ɗaya tun kafin ka haɗa su, kuma idan za ka kwafa a filash ka kwashe foldar gaba ɗaya, in ba haka ba mahaɗin zai tsinke a gaban jama'a. Idan shafi ɗaya ne tak, kamar taswira ko takardar shaida, ni na fi son in mayar da shi hoto in ɗora a tsakiyar shafin kwance. Idan kuwa bugawa za a yi ko turawa, mayar da kowanne PDF ka haɗe su, domin PDF bai damu da bambancin shafuka ba.

Wanda ba PowerPoint gare shi ba

A Google Slides babu maɓallin Portrait. Danna File, sai Page setup, ka zaɓi Custom, ka canza ma'aunin zuwa santimita, ka rubuta 21 da 29.7, ka danna Apply. Manhajarsa ta waya ba ta da wannan wurin, sai ka buɗe ta Chrome ka zaɓi Desktop site, ko ka nemi kwamfuta. A LibreOffice Impress, wanda kyauta ne, Slide za ka danna, sai Slide Properties, ka zaɓi Portrait. A Mac kuma Design ne, sai Slide Size, sai Page Setup. PowerPoint na intanet hanyarsa ɗaya da ta kwamfuta.

Fitar da aikin

Kada ka kai wa mai bugu fayil ɗin PowerPoint tsirara. Kwamfutarsa ba lallai tana da salon rubutunka ba, nasa PowerPoint ɗin ma wataƙila tsoho ne, sai layuka su zame. Danna F12, a wurin Save as type ka zaɓi PDF. Buɗe PDF ɗin ka karanta shi tun daga sama har ƙasa kafin ka hau danfo, domin ka sha cunkoson Oshodi har Shomolu sannan ka tarar an rubuta sunan wani ba daidai ba, wannan asarar yini ce. Na sitatus kuma PNG ko JPEG za ka zaɓa a wurin, zai tambaye ka duk shafuka ko wannan kaɗai. Tura wa kanka a waya ka duba da idonka, rubutun da ya yi girma a kwamfuta yakan zama ƙarami a tafin hannu.

Idan daga PowerPoint za ka buga kai tsaye, danna Ctrl da P, buɗe Full Page Slides ka sa alama a Scale to Fit Paper, sannan ka leƙa Printer Properties ka tabbatar takardar A4 ce. Firintoci da yawa suna zuwa a saite kan Letter, takardar Amurka, wadda ta fi A4 faɗi kaɗan kuma ta fi ta gajarta, shi ya sa wani lokaci layin ƙarshe ke ɓacewa.

Kwafi ɗaya muka fara bugawa a baƙi da fari, Malam ya sa tabarau ya bi sunayen da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya gyara mana guda biyu da aka rubuta da k maimakon ƙ. Bayan nan ne muka saki hamsin masu launi, na tura masa na sitatus a wayarsa, ya naɗe takardunsa cikin leda saboda hadari ya haɗo, ya wuce don ya riski La'asar.